Gwajin felet a wurin Baba Saje: abin da na gani da wanda ya kamata ya kai bindigarsa

Ga 'yan uwa masu harbin bindigar iska na mita 10, akwai wani dattijo tsohon soja ta ɓangaren Basawa nan Zariya da yake gwada wa mutane felet, wato ɗan harsashin dalma na bindigar iska, lot bayan lot, wato zubi bayan zubi na masana'anta, mu dai Baba Saje muke ce masa, kuma gaskiya aikinsa ya cancanci a yi magana a kai saboda mu nan arewa ba mu da irin wannan wurin da yawa. Tun farko in faɗi matsayata, aikin yana da kyau kuma kuɗin da yake karɓa bai kai amfanin da za ka samu ba, amma ba kowa ne ya kamata ya je ba, akwai wanda in ya je asarar felet kawai zai yi, zan zo kan wannan. Sannan kar wani ya ɗauki bindiga ya nufi can haka kawai, dokar makamai ta ƙasar nan ta sa bindigar iska cikin abubuwan da sai da lasisin 'yan sanda, kuma Baba ba ya ko buɗe jakar bindigarka sai ya ga takarda. Ko ɗan uwansa ne kai sai ka nuna. Wannan kaɗai ya sa na samu natsuwa da shi.

Wanda bai san wasan ba zai ce ina ruwan wani da lambar da ke ƙasan gwangwani, felet ai felet ne. Toh bari ka ji yadda tageti ɗin yake. A mita 10 ake harbi, felet ɗin faɗinsa mm 4.5, shi kuma goma ɗin da ake nema ɗigo ne na mm 0.5, wato rabin milimita, kamar ka ɗiga biro a takarda. Tun 2013 hukumar harbi ta duniya ISSF ta koma lissafin maki da ɗigo a zagayen share fage, harbi mafi kyau shi ne 10.9, kuma tsakanin 10.9 da 10.8 kwata ɗin milimita ne kacal. Harbi 60 ake yi, ƙarshen maki 654. Sheng Lihao ɗan China, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ya buga 637.9 a Baku a 2023, ka raba da 60 ka gani, a matsakaici kowane harbi ya haura 10.6 kenan. A irin wannan matakin in felet ɗinka yana kaucewa da rabin milimita shi kaɗai ba tare da laifinka ba, ɗigo biyu, wato 0.2 na maki, ya tafi a harbi ɗaya, ka tara su sau sittin ka ga inda za ka tsinci kanka a jadawali.

Shi felet da dalma ake yinsa, inji ne yake matse ta a cikin ƙarfen zubi ya fitar da siffar, kai mai faɗi don ya yanke takarda tsaf, ƙugu siriri, sai siket a baya wanda iska ke buɗawa ya kama cikin bututu. Ƙarfen zubin nan yana cinyewa a hankali, inji ya fi ɗaya a masana'anta, dalmar ma ba kullum take zuwa iri ɗaya sak ba, shi ya sa abin da aka buga a zubi ɗaya ake ba shi lamba ɗaya, ita ce lot. Kamfanonin da aka sani irin RWS da H&N na Jamus, JSB na ƙasar Cek, QYS na China duk suna manna lambar a gwangwani, kuma suna rubuta faɗin kai, 4.48 ko 4.49 ko 4.50 ko 4.51. Na bindiga doguwa yawanci nauyinsa giram 0.53 ne, gwangwani ɗaya guda 500. Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani da ido shi ne gwangwani biyu, kamfani ɗaya, suna ɗaya, faɗin kai ɗaya, amma lot daban, bindigarka za ta so ɗaya ta ƙi ɗaya. Kuma wanda taka ta ƙi, ta abokinka mai irin bindigarka sak tana iya sonsa, saboda bututun ma kowanne da halinsa.

Wurin Baba wani dogon ɗaki ne da ya taɓa zama sito, ya toshe tagogin ɓangare ɗaya saboda iska, ya zuba kankare a ƙasa ya dasa wani teburin ƙarfe mai nauyi da aka yi masa walda, a kai akwai abin matsewa irin na makanikai amma ya liƙa masa fata a baki don kar ya ji wa bindiga ciwo. Yana cire bindigar daga jikin katakonta ko alminiyon ɗinta in irin wadda ake cirewa ce, ya ɗaure ta, ya ɗora ma'aunin ruwa irin na magina ya tabbatar ba ta karkace ba, sannan ya duba iskar da ke silinda. In ta yi ƙasa sai ya cika daga babbar tukunyarsa, ba ya yarda a fara gwaji da silinda rabi. Kafin ya fara ƙirga komai sai ya harba wasu a banza tukuna, wai bututu ya saba da dalmar, haka kuma duk lokacin da zai canza lot sai ya sake yin hakan. Na tsaya ina kallon yadda yake ɗaukar felet, ba ya zuba su a hannu, murfin gwangwanin yake juyawa ya zuba kaɗan a kan wani tsumma, ya ɗaga kowanne ya kalli siket ɗin ta hasken fitila, wanda ya lotsa ko kaɗan ya ajiye gefe a wani kofi. Kunamar kuma da ɗan yatsa ɗaya yake taɓa ta daga gefe, jikinsa ba ya taɓa teburin sam, har numfashi za ka ga yana riƙewa duk da cewa ƙarfe ne ya riƙe bindigar ba shi ba.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne yawan harbin da yake yi kafin ya yanke hukunci, kuma a nan ne yake samun saɓani da mutane. Kowa yana so a harba biyar a nuna masa rami ɗaya ƙarami ya ɗauki hoto ya tafi. Ina wurin wani matashi ya ga ramin harbi biyar na wani lot ya yi kyau sosai, ya ce Baba shikenan wannan nake so a tsaya haka kar a ƙarar min da felet. Baba ya ce masa, yarona harbi biyar ba shaida ba ne, bari mu ƙara. Aka ƙara, wallahi kafin a kai ashirin ramin ya buɗe ya zarce na lot ɗin da yaron ya raina da farko. Kuma wannan ba camfi ba ne, lissafi ne, duk yadda ka ƙara yawan harbi faɗin rami ƙaruwa yake yi tunda kana ba wa wanda zai kauce damar fitowa, a matsakaici ramin harbi goma yana fin na harbi biyar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko da felet ɗin da bindigar ba su canza ba. Kenan in wani ya nuna maka ramin harbi biyar kai kuma naka na goma ne, ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Sannan harbi biyar ɗin kansa yau ya yi ƙarami gobe ya yi babba, sa'a tana da hannu sosai a ciki, mu kuma a gasa sittin muke harbawa, wanda ya kauce sau ɗaya cikin talatin ma sai ya same ka sau biyu.

Tsarin da yake bi, kowane lot ya yi masa harbi goma a kati ɗaya, ya zubar da waɗanda suka nuna hali tun a nan, sauran ya sake musu goma goma har sau uku ko huɗu a kati daban daban, sannan ya ajiye wani katin a baya wanda ba ya motsawa, duk harbin lot ɗin yana ratsa shi, a ƙarshe sai ka ga ramin harbi talatin ko arba'in a wuri ɗaya. Wannan katin na baya shi ne gaskiyar magana. Da kalifa, ƙarfen awon nan mai baki biyu na makanikai, yake aunawa daga gefe zuwa gefe, ya rubuta, kuma yana tuna maka cewa ka cire 4.5 daga abin da ka gani tunda faɗin felet ɗin kansa yana ciki, ramin mm 6 yana nufin tsakiyar harbi biyu mafi nisa mm 1.5 ne tsakaninsu.

A tawa bindigar abin da ya fito ya ba ni mamaki. Lot ɗin da ya fi tsada cikin waɗanda na kai, ba zan faɗi kamfani ba don ba laifinsu ba ne, a bindigar wani da muka je tare ya yi kyau ƙwarai, ni a tawa ramin katin baya ya doshi mm 7. Wani kuma mai sauƙin kuɗi, 4.49, ya tsaya ƙasa da mm 6 kuma ramin a zagaye yake kamar an huda da abin huda takarda. Bambancin wajen milimita ɗaya kenan a faɗi, a ido ba komai ba ne amma a lissafin ɗigo abu ne babba. Baba bai ce min sayi wannan ba, ya dai jera katunan a kan benci ya ce malam ga su nan ka duba da kanka, kuma shi ba ya sayar da felet balle ka ce yana tura ka inda zai ci riba. Wannan ma abin yabo ne.

Wani abin da ban yi tsammani ba, takardar gwajin tana faɗa maka lafiyar bindigar kanta ba felet kaɗai ba. Siffar ramin yake karantawa. In rami ya yi tsawo sama da ƙasa a kowane lot ba ɗaya ba, toh ba felet ba ne, gudun ne yake hawa yana sauka, sai a duba abin da ke daidaita iska a cikin bindigar ko robobin da suka tsufa. Bindigogin gasa irin Feinwerkbau da Walther da Anschütz da Steyr suna fitar da felet a gudun da ya kai wajen mita 170 zuwa 175 a daƙiƙa, kuma ana so gudun ya tsaya kusan wuri ɗaya daga harbi zuwa harbi. Yana da ƙaramar na'urar auna gudu da yake sawa a gaban bututu, yana rubuta lambar kowane harbi a gefen katin. In kuma duk lot ɗin da aka sa ramin ya watse ta ko'ina sai ya duba bakin bututu ko ya samu rauni, ko dattin dalma ya taru, ko wani kusa ya saki. Akwai wata ɗaliba da ke harbi tare da mu wadda makinta ya faɗi ta rasa dalili, har ta fara cewa ko idonta ne, kocinta ya kawo bindigar wurin Baba, gwajin farko ramin ya miƙe tsaye a duk felet ɗin da aka sa, gudu yana tsalle, ashe roba ce ta bushe tana sakin iska. Da zafin Zariya da ƙurar hunturu ba abin mamaki ba ne. Aka canza roba ramin ya dawo ya dunƙule. Da ba a ɗaure bindigar a ƙarfe ba da yarinyar nan ta ci gaba da zargin kanta, wataƙila ma ta bar wasan, kuma irin wannan yana min ciwo don 'yan matan da ke shigowa harkar nan ba su da yawa.

Yanzu maganar wanda bai kamata ya je ba. Kuskuren felet da kuskuren hannunka ba tara su ake yi kai tsaye ba, kowanne sai an ninka shi da kansa a haɗa sannan a ɗauki tushen, irin lissafin nan na 3 da 4 su ba da 5 ba 7 ba. Abin da hakan ke nufi, babban kuskure shi ke cinye ƙarami. A ce rawar hannunka tana watsa harbi da mm 4, felet kuma da mm 1, jimla 4.12 ne. Ka sha wahala ka kashe kuɗi ka samo lot ɗin da ya rage zuwa rabin milimita, jimla ta koma 4.03. Ka ga abin da ka saya kenan, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Amma wanda hannunsa ya zauna, rawarsa ba ta wuce mm 1 ba, in felet ya sauka daga 1 zuwa rabi jimlarsa ta sauka daga 1.41 zuwa 1.12, wannan kam zai gani a maki. Don haka in har yanzu kana zuwa takwas da bakwai a tsaye, felet mai kyau kowanne ya ishe ka, kuɗin gwaji ka sa shi a atisaye, ka gyara tsayuwa da numfashi da jan kunama. Baba da kansa yake faɗa wa mutane haka, na ji ya ce wa wani, ɗana je ka harba gwangwani goma tukuna ka dawo, kuma fa kuɗi ne ya mayar da hannunsa. Sai dai ko sabon shiga ne, in yana zargin bindigarsa tana da matsala, gwaji ɗaya don a tabbatar da lafiyarta yana da amfani, daga nan ya san duk abin da ya gani a tageti nasa ne.

A ƙasashen waje abin ya wuce nan nesa. Masu harbin mita 50 da harsashin .22, wanda goman tagetinsu mm 10.4 ne, har masana'anta suke kai bindiga. Kamfanin Eley na Ingila mai yin harsashin Tenex yana da wurin gwaji a masana'antarsa kusa da Birmingham, Lapua kuma suna da nasu a Schönebeck ta Jamus da kuma Mesa a jihar Arizona ta Amurka, a ɗaure bindigarka a harba lot masu yawa a cikin dogon rami da babu iska, tageti na lantarki yana ɗaukar inda kowane harbi ya faɗa, kwamfuta ta haɗa ta fitar maka da hoto da lissafi, ka zaɓi wanda ya yi ka sayi kwali kwali na wannan lot ɗin. Tunanin dai ɗaya ne da abin da Baba yake yi da kati da kalifa.

Kuma a nan ne ƙorafina yake. Na farko ba shi da tageti na lantarki, saboda haka faɗin rami kawai ake samu, shi kuma faɗin rami harbi biyu ne kacal suke yanke shi, waɗanda suka fi nisa da juna, sauran talatin da takwas ɗin ba su da ta cewa. Lot ɗin da ya tara kusan duka a tsakiya ɗaya ya kauce, da wanda ya watsa su ko'ina cikin faɗin, a kalifa suna iya ba da lamba ɗaya alhali a maki ba ɗaya suke ba. Abin da ya fi shi ne a san nisan kowane harbi daga tsakiya a ɗauki matsakaici, wannan kuma ba ya yiwuwa in duk sun shige rami ɗaya a takarda. Baba yana ƙoƙarin cike wannan da ido, yana kallon gefen ramin yana cewa wannan ɗaya ne ya fita, amma ido ido ne. Katin ma wani lokacin ba na gasa ba ne, kwali ne da ya yanka, da damina yana shan danshi sai ya yage maimakon ya yanke tsaf, aunawa ta zama da ƙiyasi. In za ka je ka tafi da katin gasa naka.

Na biyu, kai za ka kawo felet ɗin, kuma mu nan samun lot daban daban aiki ne. Yawanci sai wani zai dawo daga tafiya ko a haɗa kuɗi a yi oda, da tsadar dala ba kowa ke iya sayen gwangwani biyar shida don gwaji kawai ba, kuma abin takaicin shi ne ka gwada ka samu wanda ya yi, ka koma nema a ce wannan lot ɗin ya ƙare. Wannan ba laifin Baba ba ne amma yana rage amfanin aikin sosai. Dabarar da muka koma yi ita ce mu haɗu mu huɗu ko biyar, kowa ya kawo abin da yake da shi a gwada a duk bindigogin, wanda lot ɗin wani ya dace da tasa sai a yi musaya. Tana aiki fiye da yadda na zata.

Sai zafi da wuta. Ɗakin rufin kwano ne kuma ba a kunna fanka lokacin gwaji saboda iska, a watan Afrilu da rana ba ya zaunuwa, in an ɗauke wuta kuma na'urar auna gudun ba ta karantawa da kyau sai da haske mai kyau, sai a jira. Ka je da sassafe bayan asuba, ka kuma ware rabin yini don Baba ba ya sauri kuma ba ya son a sa shi sauri, in lokacin sallah ya yi zai ajiye komai ku tafi masallaci ku dawo. Duk bayanan a littafi ɗaya yake rubutawa da biro, ba ya ba da kwafi sai katunan, don haka ka ɗauki hoton shafinka da waya kafin ka tafi, ka tabbatar lambar lot da faɗin kai da gudun sun fito a hoton.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani, bindiga a ɗaure a ƙarfe ba daidai take da bindiga a kafaɗa ba, yadda take girgiza ya bambanta, saboda haka in ka samu lot biyu da suka yi kusa da juna a wurinsa kar ka tsaya kan wanda ya fi da ɗigo ɗaya ko biyu a kalifa, wannan bambancin sa'a ma tana iya kawo shi, ka ɗauki dukkansu ka je ka harba a tsaye cikin rigarka ta harbi na wasu kwanaki ka ga wanda ya fi kwanta maka. Wanda ka zaɓa kuma ka ajiye shi don gasa, ka yi atisaye da sauran, gwangwanin a rufe da salatif a wuri busasshe don dalma tana yin fari fari in ta sha danshin damina, kuma kar ka bar shi yana kaɗawa a but ɗin mota ko a ƙarƙashin kujerar mashin a hanyar Samaru zuwa Sabon Gari, siket ɗin lotsewa yake yi. In an canza maka roba ko an taɓa bututu, ka koma a sake gwadawa, sakamakon baya ba lallai ya ci gaba da aiki ba.